Shekara uku ina ɗaukar hoto, yau na ji kamar in sayar da kyamarar

Nazifi_Hoto
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki.

Watan jiya na ɗauki wani biki a nan Kano, kamu da ɗaurin aure da dina. Mun yi ciniki da yayar amarya a kan dubu 280, har da albam da firem biyu. Ta ba ni dubu 100 kafin alƙalami, ta ce ciko sai an natsu bayan biki. Na ɗauki yaro na biya shi, na yi hayar fitila, ranar dina sai ƙarfe ɗayan dare na shiga gida. Kwana huɗu ina gaban kwamfuta ina gyara, biyu daga ciki da janareta. Albam ma da kuɗina na wanko.

Da na kai musu, aka baza shi a tsakar falo ana ta juyawa ana shewa. Can sai wata gwaggo ta gyara tabarau ta ce, "Wai, ai amaryar ta yi duhu." Shi ke nan fa. Yau sati uku ba a ɗaga wayata. Jiya aka turo saƙo wai aikin bai yi musu ba, in yi haƙuri da abin da na karɓa. Ga hotunan nan kuwa a Instagram ɗinsu, an yanke sunana daga ƙasa.

Ga wani yaro da muka fara tare, shi da iPhone kawai yake yi, yau yana Abuja gobe yana Kaduna, mabiyansa sun ninka nawa ban san sau nawa ba. Ni kuwa hayar shago ta ƙarato. Ba yadda zan karɓi kuɗina kaɗai nake tambaya ba. Ku da kuka daɗe a ciki, yaya kuke yi zuciyarku ba ta mutu ba? Wallahi da safen nan har na ɗauki hoton kyamarar zan sa ta a kasuwa.

Ummu_Sadiƙ
Innalillahi. Sannu Nazifi, Allah ya fitar maka da haƙƙinka.

Akawu77
Kafin in yi maka jaje, albam ɗin yana hannunka ko yana hannunsu?

Nazifi_Hoto
Yana hannunsu yaya. Gida cike da manya, na ji nauyin in ɗauke shi in fito.

Akawu77
To ka gani. Nauyin nan da ka ji, dubu 180 ya ci maka. Ba don in ƙara maka zafi nake faɗa ba ƙanena, ni sau biyu aka yi min kafin in yi hankali. Abin da kake kira mutuwar zuciya, rabinsa rashin tsari ne. Ba yadda za a yi ka yi barci mai daɗi kuɗinka na aljihun wani. Ni yanzu kashi 70 nake karɓa kafin in rataya jaka, sauran kuma kafin albam ya bar shago. Abin da zan tura a WhatsApp a gani ƙanana ne, tambarina a tsakiyar hoto, ba a gefe inda za a datse ba. Kuma komai a rubuce, ko da saƙon waya ne: kwana nawa, hoto nawa, firem nawa, gyara sau nawa. Mai ce maka "haba, ba ka yarda da mu ba ne?" shi ne wanda za ka fi sa wa ido.

Ɗan_Fagge
Kai dai ka ɗora su a shafinka ka rubuta abin da suka yi maka. Kafin la'asar za ka ji alat.

Hajjo_Kamu
A'a Ɗan Fagge, kul. Nazifi, kada ka soma. Yarinyar nan yanzu matar wani ce, wataƙila ma ba ta san ana wannan rigimar ba. Ni abin da ke shigar da ni gidajen da ba sa barin namiji ya leƙa wajen kamu, ba kyawun kyamarata ba ne. Sun san abin da na gani a ɗakin amarya a nan yake tsayawa. Ranar da ka tona wa gida ɗaya asiri, gida goma sun rufe maka ƙofa, kuma babu mai gaya maka dalili.

Sai maganar gwaggo. Shekarata takwas ina bin bukukuwa, abin da na gano shi ne amarya ba ita ke yanke hukunci ba. A kowane gida akwai mace ɗaya da in ta taɓe baki magana ta ƙare. Ni tun ranar sa lalle nake neman ta. In durƙusa in gaishe ta, in ɗauke ta ita kaɗai a inda haske ke da kyau, in juya mata bayan kyamara ta ga kanta. Daga nan ta zama tawa. Sannan ina tambayar amarya a gaban yayarta, a bar ki da kalarki ko a ɗan haska? Abin da ta ce shi nake riƙewa, kuma akwai shaida.

Baƙin_Zinare
Ni fa haskawar nan ce ba na yi, Hajjo. Yarinya baƙa kyakkyawa, a mai da ita kamar an shafa mata alli, fuska fara gwiwar hannu baƙa. Sai ka ga katin gayyata, ka je wajen dina ka rasa wace ce amaryar. Mu da kanmu muke ƙara tura 'yan mata ga man bilicin.

Ɗan_Fagge
Mai kuɗi ya ce fari, kai ka ce baƙi? Tela ma abin da aka ce ya ɗinka yake ɗinkawa.

Baƙin_Zinare
Tela ba ya canza wa mutum fata.

Injiniya_Kd
Ku dakata kafin mu gama da gwaggo. Nazifi, me amarya ta sa ranar dina, kuma wace irin fitila ce a ɗakin taron?

Nazifi_Hoto
Farin leshi mai duwatsu. Fitilun kuwa irin masu juyawar nan ne, shuɗi da shunayya. Bayanta ma farin labule ne.

Injiniya_Kd
Na yi zargin haka. Ma'aunin hasken kyamara kullum ƙoƙarinsa ya mai da abin da ya gani tsaka-tsaki. In fari ya cika mata ido, leshi fari labule fari, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi. Leshin ya fito daidai, fuska ta faɗa duhu. Ka ƙara shuɗin fitila a kan baƙar fata, sai ta yi toka-toka.

Na biyu kuma shi ya fi cin mutane. Sikirin daga bayansa yake fitar da haske, takarda kuwa da hasken ɗaki take dogara. In ka ƙure hasken kwamfutarka kana gyara, komai zai yi maka kyau, a wanko ka ga ya dushe. Ka rage hasken sikirin, kuma kafin ka biya kuɗin albam ka wanko ƙanana biyu ko uku a wajen da za su yi maka aikin, ka fita da su tsakar gida ka duba.

Ban ce suna da gaskiya da suka riƙe maka kuɗi ba, zalunci ne. Amma mai yiwuwa gwaggo ba bilicin take nema ba, 'yarta take nema yadda ta san ta.

Nazifi_Hoto
Hmm. Akwai shafuka biyu da aka wanko min sau biyu, suna nan a shago. Na kara su da kwamfuta yanzu. Sun fi duhu. Ban so in yarda ba amma haka ne.

Baba_Yashica
Ɗana Nazifi, jikata ce ke buga wannan ni ina faɗa, idona ba ya son ƙananan rubutu.

Na fara ɗaukar hoto a Zariya tun ana sa fim. Kodak ko Fuji, ɗauka 36 a ƙwaya ɗaya, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanko. Bari in ba ka labarin ranar da ni ma na so in jefa kyamara a rijiya.

Ɗaurin aure ne a Tudun Wada, ɗan wani dattijo mai sayar da hatsi. Na sa fim da sauri a cikin zaure, ga duhu ga mutane na matsa min. Na ɗauki ƙofar masallaci, na ɗauki ango da abokansa, na ɗauki iyaye, da yamma na ɗauki amarya da ƙawayenta. Ina ja ina dannawa. Na duba lamba na ga 36. Na ja, ta jawu. Na danna, na sake ja, ta sake jawuwa sumul. Duk wanda ya yi zamanin nan ya san fim in ya ƙare cijewa yake yi. Nawa bai cije ba, don tun a zaure bakinsa bai kama ba. Yini guda iska nake ɗauka. Na koma bayan wata darbejiya na tsaya, gumi na bin ƙafata, ina jiyo guɗa daga cikin gida.

Daren nan ban runtsa ba. Da asuba na sami maigidana da ya koya min aiki, ya ce sa hularka mu tafi. Muka durƙusa gaban dattijon, na faɗi gaskiya, na ajiye kuɗinsa a kan tabarma. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "Angon ya mutu ne?" Na ce a'a. "Amaryar ta gudu?" Na ce a'a. Ya ce, "To babbar rigar ma ko wanki ba a kai ta ba. Ɗauki kuɗinka ka sayo fim." Bayan la'asar aka sake shiri. Abokan ango shida aka samu cikin kusan ashirin, suka jeru suna ta yi min dariya. Gidan nan ni na ɗauki sunan 'ya'yansu biyar.

Sau uku ana ce min sana'ar nan ta mutu. Da injinan wankin hoto mai kala suka zo, masu ɗakin duhu suka rufe. Da dijital ta zo. Da waya ta zo. Kodak ɗin da muke gani kamar dutse, a 2012 sai da ya je kotu a Amurka neman kariya daga masu bin sa bashi, alhali injiniyansu ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. Ni da ɗan shagona ina nan, fasfo, leminatin, gyaran tsofaffin hotunan da ruwa ko gara suka taɓa. Ban yi kuɗi ba, kada in yi maka ƙarya. Amma na aurar da 'ya'yana, na sauke farali.

Hajjo_Kamu
"Angon ya mutu ne?" Wallahi Baba ka sa ni dariya ni kaɗai a adaidaita. Allah ya ƙara girma.

Gaskiya_Ɗaci
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, labarin ya yi daɗi. Amma ranka ya daɗe, dattijon nan naka mai kunya ne, irinsa sun yi ƙaranci. Kuma lissafin yanzu daban ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin shawara. Dalar da a farkon 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mu kuwa duk abin da muke taɓawa daga waje yake zuwa, batir, memori, takarda, tawada. Kwastoma kuma har yau farashin da ka yi wa yayarta shekara huɗu da suka wuce take riƙe da shi.

A daina cika yara da haƙuri kawai. Haƙuri ba ya biyan haya. Ina da aboki da ya sayar da kayansa ya buɗe POS, yanzu ƙarfe tara yana gida cikin iyalinsa, har ƙiba ya yi. Wani lokaci sayar da kyamarar shi ne hankali.

Akawu77
Rabin maganarka na yarda da ita. Barin sana'a ba abin kunya ba ne. Amma a bar ta da alƙalami a hannu, ba don gwaggo ta taɓe baki ba. Nazifi, wace kyamara ce a hannunka?

Nazifi_Hoto
Canon 6D, ta hannu na saya.

Akawu77
Madalla. Kamfanin ya ƙiyasta shotar 6D a kan dannawa dubu 100, ta 5D Mark III dubu 150. Wata tana wuce haka, wata ba ta kaiwa. In kana danna 2,500 a biki ɗaya, biki 40 kenan ka cinye ta, ban da wanda mai ita na farko ya ci. Wato kowane biki kana gutsurar kyamararka kamar gara, kai kuma kana ƙirga kuɗin a matsayin riba. Shi ya sa ranar da ta tsaya sai mutum ya ga kamar duniya ce ta juya masa baya, alhali abu ne da aka san zai zo.

Ka sami littafi na naira ɗari biyu. Wata uku ka rubuta komai, har ruwan leda da ka saya wa yaronka. Ka ware na kyamara daban daga kowane aiki. In wata uku suka cika littafin ya ce ka bari, ni da kaina zan nemo maka mai saye.

Sony_Kawai
Matsalar ma Canon ce. Da A7 III ce da ya ɗago fuskar nan daga duhu ba tare da ta yi yashi ba.

Ɗan_Fagge
An zo wajen. Mutum gidansa na ci da wuta kai kana tallar fenti.

Sony_Kawai
Gaskiya ce ai. Kowa ya san Sony ta fi riƙe duhu.

Shugaban_Zaure
Malam Sony, rigimar nan tana da nata zauren, mun yi ta har mun gaji. A koma kan maganar Nazifi don Allah.

Kalifa_Waya
Na daɗe ina karantawa ina shiru, don ni ne irin yaron da Nazifi ya ambata. Ba shi ba ne ni, amma aikinmu ɗaya. Yaya Nazifi, abin da kake gani a shafi ba shi ne aljihu ba. Abujar nan da kake gani, sau da yawa kuɗin mota kawai ake ba mu da wajen kwana, mu je don a gan mu a can. Wayar da nake aiki da ita har yanzu ina biyan bashinta duk wata. Ranar da ta faɗi a wajen rawa sikirin ya tsage, sati biyu ina zaune. Babu wanda ya ga wannan a Instagram, don ban ɗora ba. Kai ma ai ba ka ɗora hoton albam ɗin da aka ƙi biya ba.

Kuma ba abincinku muke ci ba. Amarya tana son ɗan bidiyon da za ta ɗora a daren, wannan nawa ne. Uwarta tana son firem a bango da albam da za ta nuna wa baƙi, wannan naka ne. Ni sau da yawa ana tambayata mai kyamara, ba ni da wanda zan tura. In kana so mu yi magana ta ciki.

Baƙin_Zinare
Kai Kalifa Allah ya yi maka albarka. Ba kowa zai faɗi haka a bainar jama'a ba.

Damagaram_Foto
Salamu alaikum daga Zinder. Ni ban da shawara kan gwaggo, namu gwaggwannin ma haka suke. Abin da zan ce, wani lokaci sai babbar matsala ta zo kake gane ƙaramar ba komai ba ce. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana lantarki. Takarda da tawada daga Kano nake sayowa. Watanni ina da masu son hoto, ba takardar wankewa, ba wutar kunna inji. Da can in wani ya riƙe min jika goma sai in kwana ina juyi. A lokacin nan na yi marmarin ma a samu wanda zai riƙe min kuɗi, ko ba komai an yi aiki kenan.

Abin da ya riƙe ni, na koma tura wa mutane hotunansu ta waya a rabin farashi, na rubuta sunayensu, da aka buɗe iyaka a 2024 na bi su ɗaya bayan ɗaya na wanke musu. Fiye da rabi sun biya. Na kuma tara na sa sola, ƙarama ce amma tana ɗaukar kwamfuta.

MaiDoki_Hoto
Namu na hawan Sallah ma haka. Shekarata kusan duk a kan kwanakin nan take, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, mahaya da iyayen yara kowa na son hotonsa a kan doki. 2020 korona ta hana. Babbar Sallar 2024 'yan sanda suka dakatar da hawa a Kano, ƙaramar Sallar 2025 ma haka. Abin mamaki, a tsakanin nan ne, Disambar 2024, UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. Na zauna na yi ta ƙunƙuni a karon farko. A na biyu na ɗauki jakata na tafi Zariya. Ban san kowa ba, ban samu kamar na gida ba, amma na dawo da lambobin mutane da har yanzu suke kirana.

Gaskiya_Ɗaci
Duk na ji. Amma ku lura, duk masu ba da labarin nan waɗanda suka tsira ne. Waɗanda suka karye ba sa cikin zauren nan balle su yi magana.

Injiniya_Kd
Wannan kuma gaskiya ce, ba zan musa ba.

Ummu_Sadiƙ
Ni ba mai hoto ba ce, maigidana ne, ni nake riƙe masa shafi da amsa saƙonni. Bari in faɗi ɓangaren da ku maza ba kwa gani. In kwastoma ta ɓata muku rai, mu ake kawo wa. Ya shigo ba sallamar kirki, yara su yi tsit, abinci ya huce. Akwai lokacin da ya yi wata biyu bai kwanta kafin ƙarfe biyu ba, baya na ciwo, ido ja. Komai ƙanƙantar magana sai ta zama dutse a wajensa, don jikin ne ya gaji.

Muka yi yarjejeniya. Bayan isha'i ba ya buɗe saƙon kwastoma, ni ma ba na gaya masa sai da safe bayan ya karya. Saƙon da zai hana shi barci da dare, da safe sai ya karanta ya yi tsaki ya wuce. Juma'a kuma ba ya taɓa kwamfuta sai in biki ne. Sannan muna zubin adashi daga watannin da aiki ke yawa, kafin azumi da bayan Sallah da Disamba, don mun san da azumi da tsakiyar damina shago shiru yake. Da can duk shekara in shirun nan ya zo sai ya ce sana'a ta mutu. Duk shekara fa, kamar bai taɓa gani ba.

Nazifi, yaushe rabonka da barcin kirki?

Nazifi_Hoto
Anti kin kama ni. Tun kafin bikin.

Malam_Tarihi
Maganar Baba ta tuna min da Malick Sidibé na Bamako. A shekarun 1960 da 1970 shi ne mai bin wuraren shagalin matasa da dare yana ɗauka, da rana yana shagonsa a unguwar Bagadadji. Da hoto mai kala ya ƙwace kasuwa, ya koma gyaran kyamarori. Amma bai zubar da nagatif ɗinsa ba, yana nan jere a kwalaye. A shekarun 1990 duniya ta waiwayo shi, a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinare a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis, shi ne mai hoto na farko da ya same ta. Ya rasu a 2016. Hotunan da suka kai shi can kuwa na talakawa ne, samari da 'yan mata cikin kayan kwalliyarsu, irin dai abin da muke ɗauka kowace Asabar.

Ɗan_Fagge
Wato Malam, Nazifi ya gaya wa mai shago ya jira shekara arba'in Turawa na nan tafe?

Malam_Tarihi
Kai Ɗan Fagge ba ka da dama. Cewa na yi kada ya raina abin da ke hannunsa, kuma kada ya goge.

Hajjo_Kamu
Wannan na ƙarshen a riƙe shi. Ni wuri biyu nake ajiye kowane biki. Bara wata ta neme ni kan bikin da na yi shekara shida da suka wuce, mahaifiyarsu ta rasu, wayoyin da ke da hotunanta duk sun ɓace ko sun lalace. Na samo mata guda tara. Kuma kafin Akawu ya tambaya, e, na karɓi kuɗin firem.

Akawu77
Kin huce min.

Baƙin_Zinare
To yanzu dai Nazifi, ya za a yi da dubu 180 ɗin? Don duk wa'azin nan bai dawo da ko sisi ba.

Baba_Yashica
Ɗana, kada ka sake kiran yayar. Ka wanko shafukan da suka dushe yadda ya kamata, ka nemi babba a unguwarku ya raka ka wajen mahaifin yarinyar ko waliyyinta. Ka fara da naka laifin kafin ka ambaci kuɗi. Namiji mai mutunci ba ya son a ce gidansa ya ci haƙƙin yaro a kan bikin 'yarsa.

Gaskiya_Ɗaci
In kuma ba mai mutuncin ba ne, ya sake zuba kuɗin wanki a rami.

Akawu77
Shafi huɗu ne, ba albam duka ba. Kuma wannan karon ya riƙe su a hannunsa har sai ya ji alat.

Nazifi_Hoto
Na dawo da bayani. Shekaranjiya na yi yadda Baba ya ce, kawuna ya raka ni. Mahaifin ashe bai san komai ba, shi a saninsa ya ba da kuɗin hoto cif tun kafin biki. Ya kira yayar a gabanmu, ni dai na sunkuyar da kai, ban so na ji abin da na ji ba. Ya ba ni dubu 90 a take, ya ce sauran ƙarshen wata. Gwaggon ma tana nan, ta karɓi sababbin shafukan ta kai su bakin ƙofa wajen haske, ta ce "yauwa, ko kai fa." Ban sani ba ko ragowar za ta fito.

Kyamarar ban sa ta a kasuwa ba, amma ban goge hoton da na ɗauka mata ba tukuna. Na sayi littafin Akawu. Kwana biyu kawai na rubuta, abin da nake kashewa a data ya ba ni tsoro.

Gaskiya_Ɗaci
Mu ga ƙarshen wata.

Kalifa_Waya
Yaya Nazifi duba saƙonka. Akwai suna ranar Lahadi a Hotoro, suna son firem ɗaya babba, na ce musu ina da mutum.

Nazifi_Hoto
Na gani, zan kira ka bayan magariba. Wai a cikinku akwai mai batirin LP-E6 da zai ara min zuwa Litinin? Nawa ɗaya ya kumbura.